Tsinkayen Tsintsiya a Zabirar Babana

Babana wanzami ne, ni kuwa ko kan jariri ban taɓa askewa ba. Tun ina ƙarami kowa ya gane ba ni da hannun sana'ar. In na ga jini sai jiri ya ɗebe ni, ga ni da gaggawa kamar wanda aka biyo. Baba bai matsa mini ba, ya bar ni na bi boko har na zama malamin firamare a nan Birnin Gwari. Da yake ni ne ɗansa na fari, bai taɓa kama sunana ba. Ina yaro "kai" yake ce mini, da na fara koyarwa ya koma ce mini "Malam", wani lokaci don girmamawa, galibi don tsokana.

Lokacin da daji yake daji, bai zama mafakar 'yan bindiga ba, a keke yake yawon sana'arsa. Ya rataya zabira, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba kayan aiki, ya nufi ƙauyukan bakin dajin Kamuku, ya kwana biyu ko uku. Rugagen Fulani sun san shi, gidajen Gwarawa sun san shi, har Gwaska yakan kai in hanya ta bushe. Aski, kaciya, ƙaho, cire haƙori, babu wanda ba ya yi. Amma abin da ya yi suna a kai shi ne ƙin yin aiki. A kawo masa mutum maruru ya kumbura masa suntum, yana ta nishi, sai Baba ya ɗora yatsu biyu ya ɗan danna, ya ce bai nuna ba, a dawo jibi. A yi ta roƙonsa ya tsaga, ya ce shi dai jibi. Ni abin haushi yake ba ni. Mutum ya tako tun daga ƙauye, ka sallame shi da yatsu biyu? Na taɓa gaya masa haka, ya dube ni ya ce ai shi ya sa aka ba ni alli, ba a ba ni aska ba.

Ya haura saba'in lokacin da abin ya bayyana. Wata rana bayan Azahar na dawo daga makaranta na same shi kwance a zaure, ya yaye rigarsa. Ya ce, "Malam, kawo hannunka." Ya kama ya ɗora a cikinsa, sama da cibiya kaɗan. Na ji wani abu yana bugawa a ƙarƙashin tafina, kamar zuciyarsa ce ta sauko ta zauna a wurin. Na ce ƙila yunwa ce, ko gyambon ciki. Ya ce tun farkon damina yake lura da shi. Ba ya ciwo, ba ya hana shi cin tuwo, amma kuma ba ya tafiya.

Yana da aminin da suka koyi sana'a tare, shi ke zuwa ya aske masa kai kowace Juma'a da safe. Da aminin ya taɓa wurin, sai ya ce mataccen jini ne ya taru, a kafa ƙaho biyu a zuƙe shi, in ya ƙi a yi sakiya, wato a gasa ƙarfe a huda. Har ya fara kwance bakin zabirarsa. Baba ya riƙe masa hannu. Ya tuna masa abin da maigidansu ya koya musu tun suna masu riƙe ƙoƙon ruwa: kumburin da yake bugawa a ƙarƙashin yatsa hanyar jini ce, ƙarfe ba ya zuwa kusa da ita. Aminin ya ce wallahi ya manta, ya mayar da ƙahonninsa. Daga baya na san da an yi sakiyar nan, da a zauren za a yi masa wanka.

Maƙwabciyarmu tsohuwar nas ce, mutuniyar kudancin Kaduna, ta yi ritaya ta zauna a unguwarmu saboda a nan ta aurar da 'ya'yanta. Mama Nas muke ce mata. Inna, mahaifiyata, ta je ta kira ta. Ta taɓa wurin a hankali, ta janye hannunta da sauri, ta ce, "Baba, wannan ba na gida ba ne. Ku tafi Kaduna a yi hoton ciki. Kar kowa ya danna shi kuma." Yadda ta janye hannun nan shi ya faɗar mini da gaba, fiye da maganar.

A asibitin Kaduna aka shafa masa wani mai mai sanyi a ciki, aka yi hoto, aka tura mu wurin likitan tiyata. Yaro ne, bai kai ni shekaru ba, abin da ya fara sa na raina shi ke nan. Ya yi mana bayani da Hausa mai kyau. Ya ce akwai babbar jijiyar jini da ta sauko daga zuciya ta ratsa ciki, ita ke raba wa jiki jini. Ta Baba ta yi rauni a wuri guda ta buɗe, kamar yadda tiyub ɗin keke yake yin ƙululu a gefe ɗaya in ya tsufa. In ta ci gaba da buɗewa tana iya fashewa, in kuwa ta fashe, ko a cikin asibiti mutum yake sai an yi da gaske, balle a Birnin Gwari.

Ban bari ya ƙarasa ba na ce to a yi aiki, gobe ma in zai yiwu. Ya ce a'a. Ya ce aikin kansa babba ne, yana iya tafiya da mutum. A girman da take yanzu, haɗarin wuƙa ya fi haɗarin jira. Sai ta kai kamar santimita biyar da rabi ake shiga, ta Baba kuwa ba ta wuce huɗu ba. A riƙa dawowa duk wata shida ana aunawa. Raina ya ɓaci. Na ce wato mu koma gida da abin da zai iya kashe shi, mu zauna muna kallo? Na yi ta faɗa, na kawo nisan hanya, na kawo halin da hanyar take ciki. Likitan ya ci gaba da magana a hankali, ya faɗi wasu abubuwa da dama, amma ni lokacin kunnena ya toshe, kaina kawai nake ji. Lamba ɗaya na riƙe, biyar da rabi.

Baba ya bari sai da na gaji. Sannan ya ce, "Likita, ni ban san santimita ba. Nuna mini faɗinta da hannu." Likitan ya ɗauko rula a aljihun teburinsa, ya nuna masa inda take yanzu da inda ake tsoron ta kai. Baba ya sa farcen babban yatsansa a wuri na farko, ya matsar da shi zuwa na biyu, ya gyaɗa kai. Muna fitowa ya ce mini, "Yaron nan wanzami ne. Ya ce bai nuna ba, a dawo jibi." Ya yi dariya har da tari, ni ko murmushi ban yi ba.

Washegarin da muka dawo gida ya ce in ba shi rular makaranta. Ya zari tsinke biyu daga tsintsiyar Inna, tana mitar za a ƙarar mata da tsintsiya. Ya ce in karanta masa abin da ke takarda in nuna masa a jikin rula. Ya ɗora tsinke ya yanke da aska daidai awon jijiyarsa. Ya yanki na biyu daidai iyakar da likita ya faɗa, ya naɗa masa jan zare a tsakiya, ya ce wannan na likita ne. Ya naɗe su a tsumma ya sa a ƙaramin aljihun zabira. Na ɗauka wasan tsofaffi ne. Ga takarda da lamba da hatimi, me tsinke zai ƙara?

Daga ranar muka shiga zaman jira. Taba ce ta fara tafiya. Shekara arba'in yana sha, rana ɗaya ya miƙa wa Inna sauran kwalin ya ce ta hura wuta da shi, bai ƙara waiwayarta ba. Maganin hawan jini yana sha bayan kunun safe, Mama Nas tana leƙowa ranar Litinin da Alhamis ta auna shi, suna gardamar wa ya fi wani daɗewa yana ganin jini. Abin da ya fi yi masa wuya shi ne hana shi ɗaukar nauyi. Da kaka, ana sauke buhunan masara a ƙofar gida, sai ya zauna a kan turmi yana kallo, hannunsa yana motsi kamar zai tashi. Keken ma ya jingine shi. Wannan bai dame shi sosai ba, don lokacin yawancin ƙauyukan da yake zuwa sun watse, mutanensu sun dawo cikin gari. Su ne suka riƙa biyo shi zaure.

Gidan ya rabu biyu a kansa. Ni ina ganin an yi sakaci da ba a yi aikin tun farko ba. Inna kuwa ba ta son a ambaci wuƙa ko kaɗan. Ta ce mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, a kwantar da shi a farke masa ciki saboda hoto? In ta ce haka sai in hau, in na hau sai ta yi kuka, shi kuma yana tsakiya yana wasa askarsa a jikin fata. Shekarar farko ban san kwanciyar hankali ba. In ya yi tari sai in dube shi. In ya daɗe a bayan gida sai in sami kaina tsaye a tsakar gida ina saurare. Ina cikin aji ina rubutu a allo, in waya ta yi ƙara a aljihuna sai allin ya karye.

Na taɓa tambayarsa ko shi ba ya jin tsoro. Muna zaune a zaure da hantsi, ya gama yi wa wani aski yana wanke hannu. Na zaci zai ce mini komai na Allah ne, ya rufe zancen. Sai ya ce yana ji mana. Ya ce kullum in ya idar da sallar Asuba yakan ɗora hannu a wurin, ya ji tana nan, gabansa ya faɗi, sannan ya tashi ya nemi kununsa. Ya ce ya ba tsoron lokacinsa, da safe ne, ba zai ba shi yinin duka ba. Ban taɓa jin girman mutumin nan ya cika mini ido kamar ranar ba, kuma ban iya gaya masa ba.

Duk wata shida muna bin ayarin motoci zuwa Kaduna, wani lokaci da rakiyar sojoji, wani lokaci da rakiyar addu'a kawai. A yi hoto, likita ya duba, ya ce a dawo. In mun iso gida Baba ya karɓi rula, ya zari tsinke, ya yanka, ya ƙara a cikin tsumma. Huɗu da ɗigo ɗaya, huɗu da ɗigo biyu, wani zuwan ma ba ta motsa ba. A hankali na saba. Mutum yakan saba da komai, har da abin da ya hana shi barci bara. Ni da nake rantsuwar an yi sakaci, sai ga ni ina cewa ƙila ma har ƙarshen ransa ba za ta kai iyakar ba. Na daina tsayawa a tsakar gida. Takardar ma in an ba ni, lamba ɗaya nake dubawa, in ga ba ta kai biyar da rabi ba, in ninke in sa a aljihu.

A shekara ta uku hanyar ta lalace fiye da kowane lokaci. Lokacin awo na bakwai ya zo ana tare motoci kusan kowane mako. Sai Mama Nas ta kawo labarin wani mai na'urar hoton ciki yana zuwa wani ƙaramin asibiti a cikin gari ranar kasuwa. Muka je, aka yi, aka ba ni takarda. Biyar da ɗigo ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, da saura. Ba sai mun bi hanyar nan ba, sai bayan wata shida kuma. Inna ta ji daɗi har ta sa aka toya waina aka raba wa maƙwabta sadaka.

Bayan La'asar Baba ya ce in kawo rula. Ya yanki tsinke na bakwai. Maimakon ya naɗe kamar yadda ya saba, sai ya kwance tsumman ya zazzage su duka a kan tabarma. Ya jera su daga na farko zuwa na ƙarshe, ya daidaita gindinsu da bayan aska, ya ajiye mai jan zare a gefe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce in matso.

Shida na farko kusan kansu ɗaya, kowanne ya ɗara na bayansa da abin da bai wuce ƙwayar gero ba. Na bakwai ya yi tsalle ya bar su, tsakaninsa da na shida ƙwayar wake za ta zauna. Na ce ai duk da haka bai kai mai jan zare ba, na ɗauko shi na gwada masa, ga sauran wuri nan a fili.

Ya ce, "Malam, in an kawo mini kumburi ba na tambayar girmansa. Tambaya nake yi, shekaranjiya yaya yake? Wannan shekara uku tana rarrafe, yanzu ta tashi da gudu. Likita ya faɗa tun ranar farko, in ta kai iyaka ko in ta yi sauri, a zo. Kai lokacin kana faɗa."

Kunya ta kama ni, kuma kamar yadda na saba in kunya ta kama ni, sai na ƙara hawa. Na ce na'urar ba ɗaya ba ce, mai awon ma ba ɗaya ba ne, ƙila shi ya yi kuskure. Ya ce haka ne, hannu yakan bambanta, shi ya sa za mu je wanda ya saba auna ta ya sake aunawa. Na ce shekaranjiya aka kwashe mutane a hanyar nan. Inna ta fito daga ɗaki ta goyi bayana, karo na farko a shekara uku da ni da ita muka tsaya a gefe guda. Ta ce ta yi sadakar waina, gara ya bar maganar. Ya saurare mu har muka gama. Ya ce masu hanya suna iya tare mu, suna iya barin mu mu wuce. Wannan kuwa in ta fashe ba ta barin kowa. Ya tattara tsinkayensa ya ce in nemo mana mota ta jibi.

Da sassafe muka bi ayari. Akwai wani yanki na hanyar da direbobi ke kashe rediyo, kowa ya yi tsit, sai motsin leɓe. A nan Baba ya riƙa taɓa ni yana nuna mini kufai ta taga, a hankali yake cewa nan ya yi wa yara tara kaciya rana ɗaya, can wata tsohuwa ta taɓa ba shi zuma cikin gora. Ni ina ta addu'a, shi yana lissafa mini gidajen da ya ci tuwo. Allah ya sa muka wuce lafiya.

Likitan ya sake yin hoton da kansa, ya tura mu aka yi babban hoto, wanda ake tura mutum cikin na'ura. Awon da aka yi a garinmu daidai ne. Da muka zauna, kafin ya buɗe baki Baba ya kwance tsummansa ya jera tsinkayen a kan tebur. Likitan ya duba, ya duba, ya tashi ya kira wasu likitoci biyu da ke koyon aiki a ƙarƙashinsa ya ce su zo su gani. Ya ce da mun jira wata shida, bai san abin da za mu tarar ba. Sannan ya sake lissafa wa Baba haɗarin aikin, bai ɓoye komai ba, ya ce shawara tasa ce. Baba ya tambaye shi abu biyu: sau nawa ya yi irin wannan aikin, kuma in babansa ne zai yi masa yanzu? Da ya ji amsa ya ce, "To, ta nuna. Bismilla."

Ranar aikin da safe wata nas ta zo ta aske masa ciki da reza. Ya kwanta yana kallon hannunta, ya ce mata ta riƙa bin kwanciyar gashi, ta ja fatar da ɗaya hannun. Ta yi dariya ta bi abin da ya ce. Da aka kawo gadon da za a tura shi, ya miƙo mini zabira. Ya ce in ya fito in mayar masa. In bai fito ba in kai wa amininsa, tunda ni ba abin da zan iya da ita, amma in cire tsinkayen in riƙe. Na bi gadon har ƙofar ɗakin tiyata, na tsaya a nan na kafe. Ya ɗaga hannu aka dakata. Ya ce a sana'arsu in za a yi wa yaro kaciya, ubansa ake fara kora daga gidan, don tsayuwarsa ba ta rage wa yaro zafi, sai dai ta sa hannun wanzami rawa. Yau ni ne uban. In je in nemi shayi.

Na tafi, amma shayin ya huce a gabana ban sha ba. Na zauna a gindin wata bishiya a harabar asibitin, zabira a cinyata tana ƙanshin fata da sabulun salo, ƙanshin da na taso a cikinsa. Ban taɓa sanin ina son mutumin nan haka ba. Aka yi Azahar, aka yi La'asar. Ana shirin kiran Magariba likitan ya fito ya ce an gama, an sa masa wata roba a madadin wurin da ya buɗe, sai kuma abin da kwanaki masu zuwa suka nuna.

Kwanakin sun yi nauyi. Ya yi kwana biyu bai san inda yake ba, ya yi mako bai ci abin kirki ba, ya rame har na ji tsoron kallonsa. Ranar da aka fara buɗe masa ciwon ya ce a ba shi madubi. Ya bi ɗinkin da ido tun daga ƙirji har ƙasan cibiya, ya ce hannun yaron yana da kyau, sai dai ya ɗan yi gaggawa wajen ƙarshe. A nan na san ya dawo. Inna, da ta rantse ba za ta yafe wa duk wanda ya sa aka taɓa shi ba, ita ce ta aika wa likitan da kwaryar man shanu.

Ranar da aka sallame mu likitan ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce wannan abin yakan bi jini, 'ya'yan mai shi maza ya kamata su yi hoto in sun manyanta. Na ce to. Na yi shekara huɗu ina cewa to. Baba ya ji lokacin da aka faɗa, amma bai taɓa yi mini mita ba. Sai dai duk bayan 'yan watanni, in na zo gaishe shi, yakan ce, "Malam, rular nan tana nan kuwa?" In ce tana nan, in canza zance.

Bara na cika hamsin da biyar, na je na yi. Mai hoton ya daɗe a wuri guda, ya koma, ya sake dawowa. Ya ce ta ɗan buɗe, kaɗan ne, ba abin tashin hankali ba, amma a riƙa dubawa. Na karɓi takarda na fito. A mota na yanke shawarar ba zan gaya wa kowa ba, musamman shi, ya tsufa, idonsa ma ya fara rauni, me zan ɗora masa?

Da safe na shiga zaure gaishe shi. Ya amsa, ya dube ni, ya ce in kawo rula. Ban tambaye shi yadda ya sani ba. Na je na ɗauko, na biya ta tsakar gida na zaro tsinke biyu a tsintsiyar Inna. Yanzu ba ya ganin ƙananan layukan, sai ni na kama babban yatsansa na ɗora farcen a kan awon. Hannunsa yana ɗan rawa in yana riƙe da kofi, amma da ya ɗauki aska rawar ta tsaya. Ya yanki na farko. Ya yanki na biyu, ya zare jan zaren da ke jikin tsohon tsinkensa ya naɗa wa nawa. Ya jera su a tafin hannuna, gajere da dogo, ya nuna mini tazarar da ke tsakaninsu, ya ce da sauran tafiya mai yawa, in dai ina komawa a kan lokaci, kuma in likita yana magana in rufe bakina.

Na yi ƙoƙarin yin dariya, ta ƙi fitowa. Sai ya rufe hannuna da nasa, ya kira ni da sunana na yanka, wanda tun da aka raɗa mini shi ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya ce in ba tsoron lokacinsa da safe, sannan in tashi in tafi makaranta, yara suna jirana.

Na naɗe tsinkayen a hankici na sa a aljihu, na ɗauki rulata na fita. Ranar ban makara ba.